Ƙwarin Alkamar Fidda

"Lafiya lau, in ka cire kai, mijin da ya gudu ya bar ni da kaji," in ji tsohuwa Fidda, tana riƙe da hannun jikanta Nawwaf kamar za a ƙwace mata shi.

Tun da 'ya'yanta suka koma Mausil, ita kaɗai ta rage a gidan, daga ita sai rediyo. Jiya ta buga masa waya wai ƙwaro ya sauko daga dutse ya faɗa wa gonarta. Ya bar aiki ya taho a guje, don alkamar da ƙwaron nan ya tsotsa, ƙullunta ba ya kama bangon tanda, zamewa yake cikin wuta.

"Ina ɓarayin, amarya?"

Ta miƙo masa kwalba. Ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Kaka, ai waɗannan 'yan kududdufi ne! Dubi ƙafafu zalo-zalo kamar naki."

"Ƙafafun da kakanka ya bi har takalminsa ya tsinke? Rufe mini baki!"

"Mai cin alkama faffaɗa ne, launin ƙasa, ga wari. Waɗannan a kan ruwa suke sulu, ba ruwansu da hatsi."

"Wanka suka yi. Ba kowa ne ƙazami irinka ba."

"Ramar fa?"

"Azumi suke."

"A gona kika kama su?"

"A tsakiyarta ma, ƙaton banza."

"Shi ya sa taɓo ya bushe a rigarki har gwiwa?"

Nawwaf ya hango ta a ransa, duƙe a bakin ruwa da matacin shayi tana farautar dalilin kiransa, sai tausayi ya kama shi, da kunya. A waje direban da ya kawo shi ya danna hon.

"Tafi, motarka na kuka," ta ce a hankali. "Alkama lafiya take. Gidan ne ya cika shiru."

Ya ɗaga kwalbar, ya kanne ido. "Kin san kuwa, na ƙasan nan fuskar ɓarawo gare shi. Sai na zauna na sa musu ido." Ya leƙa ƙofa, ya sallami direba.

"Jahili!" ta ce, tana dariya tana share ido da gefen mayafi. Ta sauko da kofi na biyu daga kan kanta, ta busa ƙurar da ke cikinsa.