Takarar Alhaji Datti Mai Taki

"Ni Datti, in na yi tari a Rano sai an ce mini sannu daga Kibiya!" Da wannan kirari Alhaji Datti Mai Taki yake buɗe hira a rumfarsa, yana shafa tumbi kamar an ba shi ajiyar tulu.

To abokina, manoman Yalwa suna da ƙungiyar gama-kai. Kowa ya zuba ɗan abin da ya samu a asusu ɗaya, in damina ta kama mai bukata ya karɓi rance ya sayi iri, ya biya da kaka. Da gogan naka ya ji za a zaɓi shugaba, sai ya yi wuf ya shiga, ya zuba ajiya mai tsoka.

Ranar zaɓe ya iso da a-daidaita-sahu maƙare da dangi daga Fassi.

Malam Isyaku sakatare ya ce, "Alhaji, waɗannan fa?"

"Masu zaɓena ne."

"'Yan ƙungiya ne?"

"'Yan uwa ne."

"To su nemi inuwa su sha kallo."

Sarkin cika baki ya gyara hula. "Ba komai. Ajiyata ta fi ta kowa, a auna mini ƙuri'a daidai nauyinta."

"Nan ba awon masara ake ba, Alhaji. Mai kaza da mai sa, kowa ƙuri'a ɗaya."

Aka ba shi dama ya yi jawabi. Ya miƙe ya baza riga. "In na hau, an daina ba talaka rance! Mai hali kaɗai za a ba!"

Can wani tsoho ya ce, "Alhaji, ai mu ne talakawan."

Aka kira abokin takararsa, Malam Bello manomin albasa, hannuwa suka tashi kamar gonar dawa. Aka kira Datti, ya ɗaga hannu biyu don ya cike giɓi. Sakatare ya ce ƙuri'ar ta lalace.

Yana zare ido a layin mata, sai ya hango matarsa Hansatu, wadda ta riga shi shiga ƙungiyar, tana taya matar Bello murna.

"Hansatu! Ke ma shi kika zaɓa?"

Ta durƙusa cikin ladabi. "Yi haƙuri, Alhaji. A gida kai ne shugaba. Amma nan kuɗin ƙuli-ƙulina ne a ciki."