Ranar da Aka Shafa wa Kunnuwana Man Gyaɗa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kunnuwana suka tona mini asiri a gaban alƙalan gasar kimiyya ba. Har gobe idan na ji ƙamshin ƙuli-ƙuli sai hannuna ya kai kansu.

Ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye, can gefen Ɗanbatta. Duk shekara akan yi gasa tsakanin makarantun yankinmu, kowace ta kawo abin da yaranta suka ƙirƙira. A da abin ba wuya: ɗalibi ɗaya mai baki ya yi bayani, sauran su jeru a bayansa, malami yana gefe yana gyaɗa kai (ni kam har da motsa leɓe). A shekarar da nake ba ku labari sai aka sauya doka. Aka ce kowane ɗan tawaga sai ya yi magana da bakinsa, malamai kuma su jira a waje.

Dokar nan kamar don ɗalibina Sadisu aka yi ta. Shi ya haɗa mana injin matse man gyaɗa da tsohon jak ɗin mota da guntun bututu, don ya gaji da ganin mahaifiyarsa tana matsar tunkuza har hannunta ya yi tsami. Amma Sadisu yana da i'ina, irin wadda harafi ɗaya kan riƙe shi har idonsa ya kawo ruwa. Shugaban makaranta ya ce in cire shi in sa wani. Na ƙi. Ina son yaron nan, kuma na san idan aka nuna injinsa ba shi a wurin, ba zai sake ɗaga hannu a aji ba.

Na lura idan yana kallona maganar takan ɗan sake masa, daga nan na ɗauki kaina maganin i'ina (Allah ya yafe mini). Na ce masa ko ta halin ƙaƙa zai ga fuskata ranar. Fa'iza da Auwalu, abokan tawagarsa, suka kalli juna. Ina dai ganinsu kullum bayan an tashi su uku a gindin darbejiya, na ɗauka hadda suke yi.

Ranar gasa aka tara mu malamai a rumfa, aka raba mana ruwan leda. Da na ji an kira makarantarmu sai na ce zan zaga. Na bi ta bayan ɗakin taron, na jingine babur ɗina a bango, na taka sirdinsa, na leƙa ta wata taga mai sandunan ƙarfe. Ban hango Sadisu sosai ba, sai na karkata kai na cusa shi tsakanin ƙarafa biyu. Ya shige sumul.

Yaron nan bai ma nemi inda nake ba. Fa'iza ce take buga tebur da yatsu a hankali kamar luguden daka, shi kuma yana ɗora kalmominsa a kan bugun, ɗaya bayan ɗaya. Auwalu yana danna jak, mai yana ɗiga a kwano. Ashe abin da suke yi a gindin darbejiya ke nan. Yana tuntuɓe, amma ba ya tsayawa. Daɗi ya kama ni har hawaye suka cika mini ido, na shiga gyaɗa kai yadda na saba. Sai hulata ta zame, ta faɗa ciki, ta gangara har gaban teburin alƙalai.

Kowa ya ɗago. Na ja da baya, kunnuwa suka ce ba su san zancen ba. Babur ya fara rawa a ƙarƙashina, sai da maigadi ya rugo ya rungume ƙafafuna yana salati.

Babbar alƙaliya, wata Hajiya mai tabarau, ta dube ni tsaf ta ce, "Malam, doka ta ce malamai su tsaya a waje."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai yawancina yana waje."

Ɗakin ya ɗauki dariya, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige (da ma kan zai biyo ni). Maigadi yana cewa a nemo mai walda, sai Sadisu ya ɗauki kwanon man nan, ya hau benci, ya shiga shafa mini a bayan kunne a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Shi kaɗai ne ba ya dariya. Hajiya ta tambaye shi me ya sa ya zaɓi mai. Ba mai buga masa tebur a lokacin.

"Yana r-rage gogayya, ranki ya daɗe. Kan Malam ba shi da laifi, k-kunnuwan ne."

Na zare kaina sumul, ina ƙyalli.

Na biyu muka zo, kuma an faɗa mini ƙarara cewa leƙena ne ya jawo aka rage mana maki. Na rasa idon da zan kalli yaran da shi. Ina tsaye a jikin babur Sadisu ya kawo mini hulata, ya karkaɗe ta da kyau kafin ya miƙo. Ya ce ya gan ni tun kafin ta faɗo, bai kalle ni ba ne don kada dariya ta ɓata masa bugun.

"Amma na j-ji daɗi da ka zo, Malam."

Na yi kamar man ne ya shiga mini ido.

Yanzu Sadisu ne ke koya wa ƙananan ɗalibai yadda ake haɗa injin, da bakinsa, yana buga cinya da yatsa. Ni kuma na koyi cewa yara kan iya ba tare da fuskata ba, kuma idan aka ce in jira a waje, da dukkan jikina nake jira.