Goggo Ta Daina Karkata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga nufin Ubangiji, Malam Alfred Nehemiah na unguwar Arawa, malamin gona mai ritaya, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, wadda rabin Gombe ta sani da suna Goggo. Ta cika ranar Talata da hantsi a gindin darbejiyar ƙofar gida, bayan shekara talatin da huɗu a hannunsa. Shekarun da ta yi a ƙasar haihuwarta, Faransa, Allah kaɗai ya san adadinsu, don dillalin da ya kawo ta ba a san shi da faɗin gaskiya ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da girman kai. Ta ɗauki amare, ta ɗauki buhunan masara, ta ɗauki 'yan zumuntar mata tara da gangunansu zuwa Billiri ba ta yi ƙorafi ba. Da safe takan yi "ƙyar, ƙyar, ƙyar" sau uku kamar tsohuwa mai gyaran murya, sannan ta ce "gurum", unguwa ta san ƙarfe bakwai ta yi.

A majalisar 'yan fansho an shekara ashirin ana gardama a kanta. Maƙwabcinsa Alhaji Wakili, mai motar Jamus, kullum cewa yake ba a yi mota ba sai a Jamus. Malam Alfred bai taɓa musun cewa 'yar Jamus tana manne wa kwalta kamar kaska ba, ko ana gudun ɗari da arba'in a hanyar Bauchi. Abin da ya ƙi yarda da shi kujerarta ce, wadda ya ce da bencin coci uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: ta gyara maka zama, amma ba ruwanta da bayanka. Da ɗansa Fredrick ya aiko masa da ƙatuwar motar Amurka daga Abuja shekara huɗu da suka wuce, majalisa ta ce to, gardama ta ƙare. Ina! Kujera kam ga ta nan, faffaɗa, mai taushi, mutum ya nutse har ya manta sunan ƙauyensu. Amma a kwana sai ta yi ta lilo kamar kwalekwalen madatsar Dadin Kowa, sitiyarinta kuwa da ɗan yatsa ake juya shi, ba ya gaya maka komai game da hanya. Goggo ita ce ta iya zama da mutane. Duk ramin da ke kan titi za ta sanar da tafin hannun direba, ta ɓoye wa ƙugun fasinja.

Fasinjar gaba kuwa guda ɗaya ce. Mama Hilda, matar Malam Alfred, ta yi shekara talatin da ɗaya a kujerar gaba. Sau ɗaya ta shiga 'yar Amurka, tun kafin a kai Kumo jiri ya ɗebe ta, ta ce a mayar da ita motar mutane. Mace ce mai jiki, Allah ya jiƙanta, kuma a hankali soson kujerar ya lotsa ya ɗauki siffarta, sifirin ɓangaren ya kwanta, Goggo ta koma tafiya a ɗan karkace zuwa dama. Akwai wata gangara gab da shiga Billiri inda kullum Mama Hilda takan juyo ta ce masa ya rage gudu, kujerar ta yi "ƙiii" a ƙarƙashinta.

Shekara uku ke nan da aka kai Mama Hilda Kaltungo aka binne. Goggo ba ta miƙe ba. Duk ranar da Malam Alfred ya kama hanyar zuwa kabarin, shi kaɗai a mota, da ya iso gangarar nan sai kujerar da babu kowa a kanta ta yi "ƙiii". Jibrilla makaniki ya ce tsohon ƙarfe ne kawai, gyaran rabin awa. Malam Alfred bai yi masa gardama ba, bai kuma ba shi makulli ba. Rage gudu kawai yake yi. Duk Arawa an san in ya rage maka hanya, baya za ka shiga, ko kai fasto ne.

Ciwon ajali ya fara ne da alheri, abin da ya fi yi wa mai gida ciwo ke nan. An yi masa aikin yanar ido, ya yi mako biyu yana jinya a gidan 'yarsa Sandra a unguwar Malam Inna. Fredrick ya zo duba shi, ya ga motar ubansa a karkace da yagaggen kushin, kunya ta kama shi. Yaron da ke zuwa gida sau biyu a shekara, ina zai san abin da unguwa ta sani? Jibrilla ya ce masa a bari Baba ya warke a tambaye shi, ya ce a'a, so yake ya ba shi mamaki. Aka sa sabon sifirin. Aka kai kujerar wurin wani mai kushin a unguwar Shamaki, ya cire tsohon soso ya cusa sabo, ya ja fata ta yi sumul.

Abu na farko da Malam Alfred ya gani tar da sabon idonsa shi ne Goggo a tsaye kyam, kamar baƙuwa. Ranar Asabar ya tuƙa ta zuwa Kaltungo. Ya sauka gangarar Billiri, shiru. Ya juya ya hau, ya sake sauka, shiru. Sau uku ya yi haka, har masu sayar da gyaɗa a bakin hanya suka fara kallonsa. Ranar ce ya san Hilda ta mutu, ba ranar da aka rufe ta da ƙasa ba. Ya dawo gida ya yi wa ɗansa godiya, don shi mutum ne mai tarbiyya, daga nan bai sake ce masa uffan ba har mako shida, ko a waya.

Tun daga ranar marigayiya Goggo ta kwanta. Aka sauya batir, aka sauya fulogi, aka wanke kafireto. Takan yi "ƙyar" sau ɗaya ta yi shiru. Ranar Talata ta tashi kamar ta sami sauƙi, ta yi minti biyu tana kakari, injin ya buga. Jibrilla ya rufe bonet a hankali ya cire hularsa.

Malam Alfred yana so jama'a su sani bai riƙe kowa a zuciya ba. Gaskiyar magana ya riƙe, amma yana ƙoƙari.

Ta rasu ta bar mai gidanta, da jak mai ciwon ƙafa, da safayar taya wadda ba ta taɓa sanin iska ba, da littafin waƙoƙin Mama Hilda a aljihun gaba. Ta kuma bar tsohon soso guda ɗaya. Da Sandra ta gaya wa Fredrick abin da ya aikata, a ranar ya baro Abuja, ya ɗauki 'yar Amurka a ƙofar gida ya je Shamaki, ya tarar mai kushin ya mayar da soson abin durƙuso wajen aiki. Ya karɓo shi ya ɗora a kujerar gaba ta 'yar Amurka. Jiya da azahar ya shigo gida ya durƙusa ya ajiye shi a gaban ubansa, lotsawar nan tana nan yadda take. Ya ce tun daga Shamaki har Arawa motar tana ja masa dama, motar da aka daidaita wa ƙafafu da na'ura watan jiya.

Malam Alfred ya sa tafin hannunsa cikin lotsawar. Sannan ya ce, "Ka dai rage gudu?"

"Na rage, Baba."

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe. Jibrilla zai cire abin da zai amfani masu rai, janwe mai jan motoci ya ɗauki gawar zuwa wurin 'yan gwangwan. Ana roƙon kada a kira ta gwangwani a gaban iyali. Za a karɓi gaisuwa a gindin darbejiya har kwana uku, kuma an dakatar da gardamar Turai da Amurka a tsawon kwanakin. Wannan roƙo ya fi shafar Alhaji Wakili. Bayan an ɗauke ta, Fredrick zai tuƙa mahaifinsa zuwa Kaltungo a 'yar Amurka, kuma za a bi gangarar Billiri a hankali. Malam Alfred a baya zai zauna, akwai wurin mutum biyu kusa da shi ga mai son rakiya. Kujerar gaba da mai ita.