Dodon Kaka da Ƙananan Baƙaƙe

"…lafiya lau, amarya, sai yunwar karatu. Ina saƙona?"

Kaka bai bari jikarsa ta ƙarasa gaisuwa ba. Tun da matarsa ta rasu ɗakin ya yi masa faɗi: kujeru biyu, ɗaya ba mai zama, sai littattafai jibge har taga. Jikar nan kaɗai ke leƙo shi idan ta taso daga aiki, ita ma a tsaitsaye, jaka a kafaɗa.

"Ga littafin, angona. Wani a kantin har ya tambayi shekarun yaron da na sayo wa. Na ce ko haƙori ba shi da shi."

"Ai girkinki ne ya kakkarya su."

"Tsoho da furfura, wai dodo mai fuka-fuki yana aman wuta! Ina littattafan soyayyar da ka yaudari kakata da su?"

"Wanda ya kama kifi, me zai yi da ƙugiya?"

"Na 'yan sanda da ɓarayi fa?"

"Tun shafin farko nake cafke ɓarawon. Na tarihi kuwa kowa a ciki ya mutu, ni kuma na gaji da ta'aziyya." Ya shafa bangon littafin. "Shi dodo yana kogo shi kaɗai, yana gadin abin da ba mai zuwa nema. Mun san juna."

Ya buɗe, ya kai nesa, ya kawo kusa da hanci.

"Kash! Wannan rubutu ne ko sahun tururuwa? Idona ba zai iya ba. Tunda ke kika yi ɓarnar, sai ki zauna ki karanta min."

"Ni? Mai kantin ya nuna min mai manyan baƙaƙe, ko daga bakin titi ka karanta. Ya ce kai ka kira shi a waya, ka ce kada ya kuskura ya ba ni sai ƙaramin."

Kaka ya shiga goge tabarau da bakin riga.

"Sharri yake min."

"Rana dubu ta ɓarawo, malam mai bincike! Yau kai aka cafke tun shafin farko."

"To jeki, kada ki rasa mota. Dodo ba ya roƙo."

Ya faɗa yana kallon bango. Ita kuma ta dubi agogo, ta dubi kujerar da ba mai zama, sannan ta sauke jakarta.

"Babi ɗaya tak, tsoho."

Ya miƙe da kyar, ya kakkaɓe kujerar da hannun rigarsa.

"Ta kakarki ce. Na ba ki, halak malak. Amma ba ta fita daga ɗakin nan."

"Ji rowa! Wai babi nawa ne ma a ciki?"

"Sittin."

"Na shiga uku!"

Kaka ya yi dariya har da tari.

"Kwantar da hankalinki, amarya. Wannan kashi na ɗaya ne."