Yadda Za Ka Yi Tarin Fim a Lokacin Kulle

Shekara goma sha ɗaya kana fitowa a fim a matsayin mai gadi, ka buɗe ƙofa, ka rufe ƙofa. Yanzu annoba ta zaunar da kowa a gida, sai ga darakta ya ce ka turo bidiyon gwaji ta waya kafin jibi. Za ka fito a attajiri mai ciwon ƙirji, ka yi wasiyya ka cika. Damarka ke nan ta farko, wataƙila kuma ta ƙarshe. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sunanka zai zagaye unguwa.

1. Gyara fage
Kwanta a doguwar kujerar falo, ka lulluɓa da bargo biyu, komai zafin gari. Matarka ce mai riƙe waya. In ta ce, “Baban yara, tukunyata na kan wuta,” ka tuna mata cewa manyan taurari ma da ƙauri suka fara.

2. Haƙo tarin
Ba irin na mai neman a ba shi hanya a kasuwa ba. Daga cibiya za ka ɗauko shi, ka ja numfashi kamar tsohon injin markaɗe. Sau arba’in a yini kaɗan ne.

3. Manta da maƙwabta
Bangon nan da kake jin ƙarar cokalinsu ta cikinsa, yau ka ɗauka dutse ne. Ɗaga murya: “Ku kira min ’ya’yana, numfashina ya ƙare!”

4. Bar wa matarka bayani
Tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku za ta bugo waya. “’Yar nan, tun yaushe yake haka?”
“Tun shekaranjiya, Inna. Kullum ƙara gaba yake yi.”
Yabonka matarka ta yi, baiwar Allah. Kada ka sa baki.

5. Tarbi baƙi
Mota mai jiniya za ta tsaya, mutum uku su shigo cikin fararen kaya har ido. Fito daga bargo sharkaf da zufa ka ce wasa kake. Babbansu zai gyaɗa kai ya ce, “Kowa haka yake cewa, malam.” Maƙogwaron da ka wahalar kuwa daidai nan zai saki tarin gaske, mai kyau, kuma ba mai ɗauka.

6. Duba wayarka
A ɗakin killacewa saƙon darakta kan bidiyon da ka tura zai same ka: “Tarin bai shiga jiki ba, da ji na ƙarya ne. Mun ba wani.” Kuka ya halatta a nan, amma a hankali, kada ya taso maka da tari su ƙara maka kwanaki.

Gargaɗi: mai wannan rubutu ba shi da hannu a kwana sha huɗunka, ko tukunyar da ta ƙone, ko maƙwabtan da za su riƙa amsa gaisuwarka daga tsallaken titi. Duk wani ƙorafi a kai wa darakta, don duk garin nan shi kaɗai ne bai yarda mutuwa kake yi ba.