Farfesan Tsatsa da Tankin Dagoberto

Allah ya yi wa garinmu baiwa biyu da ko babban birnin Sincelejo ba shi da irinsu: zafin rana da Don Eustorgio Paternina. Kada ka kuskura ka ce masa bakanike, bakanike ai mai baƙin farce ne. Shi masanin cututtukan tankin babur ne, mai farar riga da tabarau wanda sai ya ɗage shi yake gani. Mu 'yan acaɓa muka laƙaba masa Farfesan Tsatsa. Gwano ba ya jin warin jikinsa, sai ga sunan an rubuta a ƙofar gareji da jan fenti.

Aikin fa kowa ya san shi. A zuba tsakuwa da ruwan khal a tanki, a girgiza, a ɗauraye, a shanya, a zuba gam ya lulluɓe cikin. Amma Farfesa sai ya fito tsakiyar titi, ya rungume tanki, ya lumshe ido yana girgizawa, wai yana sauraron tsatsa tana neman afuwa. Duk wanda ya yi tari a lokacin, ya ɓata aiki.

To, akwai abokin sana'armu Dagoberto. Shekarun baya tirela ta banke shi, ya tashi da ransa, ya yi wa Maryamu ta Carmen, uwar masu tuƙi, alkawarin zai ɗauki mutum-mutuminta a bayan babur ɗinsa, a gaban jerin gwanon bikinta. Ya daɗe yana jiran layi, bana ya zo kansa. Ana saura mako sai babur ya kama tari, tanki na yoyon jan mai. Wallahi mun tausaya masa, har rama ya yi.

Farfesa ya leƙa tankin, ya girgiza kai, ya ce a gode Allah da aka same shi a gari. Ya yi rawarsa ta titi, sannan ya zuba gam gwangwani biyu, domin gwangwani ɗaya na ƙananan ma'aikata ne. Jajibirin biki Dagoberto ya roƙi a ba shi babur ya ɗan zaga.

"Gwaji?" in ji Farfesa. "Ɗana, mai shakka ke gwaji. Aikina ba a ɗanɗana shi kamar miya. Gobe a gaban jama'a zan zuba mai da hannuna, jikokinka su ba da labari."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da safe aka taru a ƙofar coci, babura sun sha furanni, aka ɗaure Maryamu a bayan Dagoberto. Farfesa ya iso cikin fararen kaya, ya yi jawabi kan tarihin tsatsa har masu busa suka gaji suka zauna. Ya zuba mai. Babur ya tashi da ɗan guntun da ya rage a kabureta, ya yi gaba kaɗan, ya mutu murus. Aka cire tiyo, ko ɗigo. Gam ya toshe har ƙofar da mai ke bi ya sauka.

Farfesa ya fara bayani a kan laimar iska da lalacewar man zamani. Dagoberto kuwa hawaye kawai yake, domin a garinmu in an ɗaure Maryamu a babur ba a kwance ta sai an gama zagaye. Sai ga uwarsa, Doña Ermelinda mai sayar da dafaffen rogo, ta ratso taro ta cafki hannun farar riga.

"Ɗana ya yi alkawari, kuma zai cika," ta ce. "Kai ka hana Maryamu tafiya, kai za ka kai ta. Tura."

Haka Farfesa ya zagaye gari yana turi, Dagoberto na bisa riƙe da kan babur, mu muna biye muna danna oda. A hawan kasuwa takalminsa ɗaya ya fita, bai samu sukunin komawa ba. Duk da haka yana haki yana gaya wa mutanen gefen hanya cewa da ma tsarin ke nan.

Da aka dawo coci, fada, limamin cocin, ya bi layi yana yayyafa wa kowane inji ruwan albarka, kamar yadda aka saba. Ya zo kan babur ɗin Dagoberto, ya sunkuya ya taɓa inji, ya ji shi sanyi ƙalau. Sai ya zagaya baya, ya yayyafa wa Farfesa.