Rasuwar Shuɗiya, Motar Alhaji Ladan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai bushe ba tukuna, iyalan Alhaji Ladan Attahiru, dillalin albasa a Bodinga, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar motarsa, wadda aka fi sani da Shuɗiya. Ta cika ranar Talata da hantsi a cikin garejinta, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ta shigo hannun Alhaji a shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Wani Bature mai aikin noman rani ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, kuma ko a lokacin ta manyanta. Abin da ya fifita ta a kan sa'o'inta shi ne turbo, wata 'yar fanka mai ɗura wa inji iska. In aka taka totur takan ɗan yi jim kamar mai nazari, sannan ta saki fito, fiiiu, ta manna mutum da kujera. Duk wanda ya taɓa jin fiton nan a hanyar Danchadi zai yi mata shaida.

Ba ta taɓa ɗaukar buhu ba, ba ta san laka ba. Alhaji ya gina mata ɗaki ya lulluɓe ta da tamfol, shi kuwa ya riƙa bin akori-kura zuwa kasuwa. Ba ta fita sai da salla ko ɗaurin aure. A ganinsa tattali yake yi.

Ciwon ya shigo da sanɗa. Takan tashi da makulli ɗaya, ta yi gurnani lafiya lau a tsaye, amma da an nemi sauri sai ta shaƙe, ta yi tari, tuf-tuf-tuf, ta amayar da baƙin hayaƙi. Fiton ya dishe, daga baya ya ɗauke. Aka kira Maniru bakanike. Ya tarar fetur ya tsufa a tanki, tsatsa ta toshe filta, ya wanke. Ya canza fulogi. Ya gano tiyon iska ya bushe ya tsage, ɓeraye sun ƙarasa shi, ya naɗe da roba. Bayan kowane gyara sai ta ɗan ji sauƙi, ta sake kwantawa. Daga ƙarshe ya kwance turbon, ya sa yatsa ya tura fankar, ta ƙi motsi.

"Alhaji, wagga mota ba tafiya ta kashe ta ba, zama na," in ji Maniru. "Mai ya bushe cikinta. Sai dai sabon turbo."

Zamanin tsuke bakin aljihu ne, an taƙaita shigo da kaya, ko sabulu sai an bi layi. Alhaji ya aika Sakkwato, ya aika Kano, har Ƙonni, aka rasa. Ba mai sayen mota maras lafiya, shi kuma ba ya iya rabuwa da ita. Aka mayar da turbon yadda yake, aka ci gaba da zaman jira.

Da daminar bana saƙo ya zo daga Mandera cewa Ummaru, yayan Alhaji, yana kwance, yana ta kiran sunansa. Rabi, matar Alhaji, ta roƙe shi ya bi motar haya. Ya ce in ta kama a kai Yaya asibiti, a Shuɗiya za a kai shi, don Yayan ya daɗe yana so ya shiga cikinta. Shi da Shuɗiya sun fita daga gari lafiya. A hanyar Shagari ta fara jan ciki. Ya danna totur har ƙasa, masu jakuna suna wuce shi. Wani direban akori-kura ya tsaya.

"Alhaji, bar ta nan mu tai, rana na yi."

Alhaji ya dubi dajin, ya san kafin ya dawo an kwashe fitilu da tayoyi. Ya ce yanzu za ta sake. Haka ya zauna cikin gumi, gilasai a rufe saboda yayyafi, ya kasa gaba, ya kasa fita. Da ƙyar ta lallaɓa da shi, ya isa Mandera bayan la'asar, ya haɗu da jama'a suna dawowa daga maƙabarta.

Shanun huɗa ne suka jawo ta gida. Tun daga ranar Alhaji kan shiga ya zauna a bayan sitiyari, ya ja ƙofa, har a kira salla. Ranar Talata ya murɗa makulli. Ta ce ƙat, ba ta ƙara ba.

Ta rasu ta bar Alhaji, da tayoyi huɗu, da safaya ɗaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ta bar Maniru, wanda ya san cikinta fiye da kowa, da wata kaza da ke kwanci a ƙarƙashinta.

Maƙeran gari sun nemi gawar don su ƙera fartanya da murhu, Alhaji ya ce tukuna. Saboda haka ranar Juma'a bayan an sakko za a cire batir, a ɗora ta a kan duwatsu, a toshe ƙofar garejin da tubali. Za a karɓi gaisuwa a zauren gidan. Iyalai suna roƙon masu zuwa da mota su kashe inji tun daga bakin kasuwa su ƙaraso da ƙafa, domin har yanzu in Alhaji ya ji ƙarar inji yakan miƙe tsaye.